Babi na Shida: Murzuna, Ɓarauniyar Kan Gero

Duk wanda ya taɓa yankan gero tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma ya san irin zangarniyar nan da ake ɗagawa a ji ta sakayau. Daga nesa lafiyarta lau, doguwa, ta cika ido. Sai an matso a ga wata hanya ta nannaɗe ta tun daga sama tana gangarowa, kamar an naɗa mata rawani. A kan hanyar nan babu ƙwaya ko ɗaya, sai busasshen fure da ya ɗago ya yi buzu-buzu. In ka shafa da yatsa sai ya zube, tare da wasu 'yan ƙananan dunƙule farare, kashin tsutsa ke nan. A kai irin wannan damin wurin sussuka, mata su sha wahalar daka da shiƙa, ƙaiƙayi ya tashi da yawa, tsaba ta kwanta kaɗan.

Tsutsar da ke wannan aiki, Hausawan Maradi da Tasawa suna kiranta murzuna. A wurare da yawa a wannan ɓangaren iyaka tsutsar gero kawai ake ce mata, a haɗa ta da sauran tsutsotsi a suna ɗaya. Ita dai tsutsar manoma sun san ta, don suna ganinta da rana tsaka. Wanda ba a sani ba shi ne ƙwaron da ya haife ta: wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta, daga cikin dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare, wanda yake fitowa sau ɗaya tak a shekara, ya yi kwanaki kaɗan a duniya, ya mutu kafin manomi ya ga alamar ɓarna ta farko. Masana suna kiransa Heliocheilus albipunctella. Wani limamin Kirista Bafaranshe mai nazarin ƙwari, Joseph de Joannis, shi ya fara siffanta shi a rubuce a 1925, kuma har cikin shekarun 1980 littattafan aikin gona suna ambatonsa da tsohon sunansa, Raghuva.

Ƙasarsa ita ce ƙasar gero, daga Sanagal da Mali, ta Burkina Faso, Nijar, arewacin Nijeriya da Cadi, har zuwa Sudan. Dutsin-Ma da Kurfi suna gefen kudu na wannan yanki, kuma ɓarnar tana ƙara tsanani in an nausa arewa, inda ruwa ya fi ƙaranci ƙasa kuma ta fi zama jigawa.

Yadda ake gane shi

Ƙarami ne. In ya buɗe fukafukansa duka biyu, daga wannan baki zuwa wancan santimita biyu da rabi ne ko kusa da haka, wato bai kai faɗin yatsu biyu ba. Jikinsa gajere ne mai ɗan kauri da gashi-gashi. In ya sauka yakan kifa fukafukan a bayansa su rufe jikin, ba ya tsayar da su sama yadda malam-buɗe-littafin rana yake yi.

Mace da namiji ba su yi kama sosai ba, har wanda bai sani ba zai ɗauka iri biyu ne. Macen, fukafukanta na gaba launin ƙasa ne mai ja-ja. Alamarta ta tabbas tana kusa da bakin fiffiken: wasu ƙananan ɗigo-ɗigo farare da suka jeru suka ɗan lanƙwasa suna bin gefen. In aka haska ta da tocila a kan farin ƙyalle, ɗigon nan ake fara nema. Fukafukan baya, waɗanda ba a ganinsu sai an ɗaga na gaba, launinsu ya fi dusashewa.

Namijin ya fi ta haske, yana kusa da launin busasshen kara. Tasa alamar tana gefen gaba na fiffike. Wurin ya kumbura ya yi kauri, kuma a bayan kumburin akwai wani fili siriri da babu garin nan mai gogewa a yatsa, sai fata garai-garai da haske ke ratsawa. Ka riƙe shi a hankali ka ɗaga wajen fitila, za ka ga hasken ta cikin fiffiken. Cikin ƙwarin da ke zuwa gonar gero da daddare, wannan alama ita ce ta fi saurin raba gardama.

Kumburin nan ba ado ba ne, kayan kiɗa ne. A yawancin dangin faɗa-wuta mace ce take sakin wani ƙamshi a iska namiji ya biyo shi daga nesa. A wurin uban murzuna abin ya sha bamban. Bayan faɗuwar rana mazan sukan taru a sarari tsakanin kunyoyi ko a bakin gona, su riƙa shawagi ƙasa-ƙasa suna kewaya wuri ɗaya, fukafukansu suna fitar da wata ƙara mai ziza wadda kunnen mutum yana iya ji. Macen ce take zuwa inda suke. Shi ya sa tarkon ƙamshi, wanda ya yi aiki a kan wasu ƙwarin gona, bai zama hanyar kama wannan ba. Masu bincike da tarkon fitila suke bibiyarsa.

Ita kuwa tsutsar launinta yana sauyawa da girma. Tana ƙarama ruwan ɗorawa ce mai kore-kore, in ta girma ta koma ja-ja ko launin ƙasa, da layuka masu haske a gefen jiki tun daga kai har wutsiya. Takan kai santimita biyu ko fiye da haka kaɗan. In ta kusa barin zangarniya jan nata yakan ƙaru.

Zuwa ɗaya a shekara

Rayuwarsa duk a ɗaure take da ruwan sama. Bayan ruwan shuka na sosai ya sauka ya jiƙa ƙasa, sai a ƙirga kimanin wata guda, ko da 'yan kwanaki a kai. A lokacin ne ƙwarin suke fara fasa ƙasa suna fitowa. A yankin Dutsin-Ma da Kurfi, inda damina takan kankama a watan Yuni, fitowar takan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta. Lokacin ne kuma geron da aka shuka da ruwan fari yake gama ciki ya fara fitar da kai. Wannan haɗuwa ita ce tushen ɓarnar gaba ɗaya.

Macen ba ta son tsohuwar zangarniya. Wadda ta fito sabuwa take nema, kafin ta yi bununi ko tana cikin yi, ta liƙa ƙwai a jikin furanni, galibi can wajen tsinin. Ba ta zuba su wuri ɗaya. Takan ajiye kaɗan a nan ta tashi zuwa wata, har ta kai ƙwai ɗari uku zuwa ɗari huɗu cikin kwanakin da ba su wuce mako guda ba. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, farare masu ɗan rawaya, sai mai kaifin ido da ya san abin da yake nema.

Bayan kwana uku zuwa biyar suke ƙyanƙyashewa. 'Yan tsutsotsin da farko cikin furen suke shiga su cinye shi ta ciki, ba abin da ake gani daga waje. Sai sun yi ƙwari suke sauka ƙarƙashin furannin, tsakaninsu da sandan tsakiyar zangarniya, su fara datse 'yan siraran wuyan da ke riƙe da kowace ƙwaya. Tsutsar tana ci tana gaba tana kewaya sandan, furannin da ta datse suna bushewa suna ɗagowa a bayanta. Hanyar nan mai nannaɗewa ke nan. Abin da take lalatawa ya fi abin da take ci, don duk ƙwayar da aka yanke wa wuya ta tashi daga aiki ko ba a taɓa ta ba. Zangarniya ɗaya takan ɗauki tsutsa da yawa, kowace da hanyarta, har hanyoyin su haɗe.

Wajen wata guda take yi a kan geron. Daga nan ta faɗo ƙasa ta tona, ta nitse kamar tsawon yatsa a ƙasa mai laka, ko ta kai taƙi guda a jigawa, ta dunƙule cikin wani kwanso mai launin ja-ja. A nan za ta kwana. Kaka ta zo ta wuce, a yi hunturu, a yi bazara, shanu su yi kiwo a kanta, ita tana nan ba motsi wata goma zuwa sha ɗaya, har ruwan wata shekara ya tashe ta.

Wannan jadawali ya bayyana abin da tsofaffin manoma suka daɗe da lura da shi. Maiwa, wadda ba ta fitar da kai sai damina ta ja baya, yawanci takan tsira, don kafin ta fito uwayen sun mutu. Geron da ya yi sammako ƙwarai shi ma yakan sha da ƙyar. Na tsakiya ne, wanda kansa ya fito daidai da tashin ƙwarin, yake ɗaukar dukan.

Yadda ya zama abin tsoro

Kusan shekara hamsin bayan de Joannis ya siffanta shi, ƙwaron nan yana nan a gonaki ba wanda ya damu da shi. Sunansa bai shiga jerin manyan abokan gaban gero ba sai bayan babban farin da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970. Daga nan aka fara samun rahoton ɓarna mai yawa daga Sanagal har Nijar. Masana suna danganta abin da dalilai biyu. Na farko, farin ya rage ƙananan ƙwarin da ke cin murzuna. Na biyu, ƙarancin ruwa ya tura manoma ga irin gero mai saurin nuna, wanda fitar kansa take dacewa da fitowar ƙwarin. Binciken da aka yi a ƙasashen Sahel ya nuna a shekarar da abin ya yi muni asara takan kama daga kashi 40 har zuwa kashi 85 cikin ɗari na amfanin gona.

Akwai darasi a nan ga Katsina ta tsakiya. Yayin da damina take ƙara zama marar tabbas, manoma suna ƙara karkata ga iri mai kwana kaɗan, irin su SOSAT da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ta fitar. Zaɓi ne mai hankali, don yana tsere wa ɗaukewar ruwa. Sai dai duk wanda ya koma ga gero mai sauri ya kamata ya san ranar da kan geronsa zai fito, ya kuma san ko ranar ta faɗa cikin kwanakin ƙwarin.

Maƙwabtan da ake rikita shi da su

Fitila ɗaya a bakin gona cikin Agusta takan tara ƙwari iri-iri, kuma uku daga cikinsu ne aka fi ɗauka a matsayin uwar murzuna.

Na farko shi ne uban tsutsar kara, Coniesta ignefusalis, wanda aka yi nazarinsa sosai a Samaru ta Zariya tun farkon shekarun 1960. Girmansu kusan ɗaya, amma shi siriri ne, fukafukansa na gaba ruwan zinariya ne mai duhu ba ɗigo fari, na baya farare masu sheƙi, kuma in ya sauka yakan naɗe su a jikinsa ya yi tsawo. Macensa ba ta zuwa kan zangarniya, tsakanin kara da kuben ganye take cusa ƙwai. Tsutsarsa fara ce mai baƙaƙen tabo, tana huda karan ta ci cikinsa, har zuciyar shukar ta bushe ko karan ya karye da iska. Yana haihuwa sau biyu ko uku a damina ɗaya.

Na biyu shi ne na tsutsar auduga da tumatir, Helicoverpa armigera, ɗan uwan murzuna na kusa. Ya fi ta girma sosai, yakan kai santimita uku da rabi zuwa huɗu, kuma fiffikensa na baya yana da baƙin baki mai faɗi. Masu noman rani a bakin madatsar Zobe sun san aikin tsutsarsa a jikin tumatir. Na uku baƙo ne, na tsutsar masara da ta shigo daga nahiyar Amurka, wadda aka fara gani a Afirka a kudu maso yammacin Nijeriya a farkon 2016. Ita tsutsar tana da ɗigo baƙaƙe huɗu a jere bibbiyu kusa da wutsiya, kuma cikin zuciyar masara ta fi zama.

Mai karatu zai iya cewa: tsutsa ai tsutsa ce, mene ne na wahalar rarrabewa? Amsar tana wurin da kowace take kwana da rani. Tsutsar kara a cikin busasshen kara take yin rani, wato a cikin dangar gida, da jinkar rumbu, da tarin karan da aka jingine a bishiya don dabbobi. Maganinta yana ga yadda aka sarrafa karan bayan girbi: a baza shi a rana ya gasu, ko a babbaka shi sama-sama, ko a ciyar da shi kafin ruwa ya sauka. Murzuna kuwa ko ka ƙone karan gonarka ƙurmus ba ka taɓa ta ba, tana ƙarƙashin ƙafarka. Abin da ke damunta shi ne huɗa mai zurfi da ke tono kwanson ya fito sarari, rana ta ƙona shi, tsuntsaye da tururuwa su cinye. Manomin da ya rikita su biyun zai yi aikin da ya dace a kan abokin gabar da bai dace ba. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Haka abin yake ga feshi. Lokacin da manomi ya ga hanya a jikin zangarniya ya garzaya kasuwar Dutsin-Ma ko ta Charanchi ya sayo magani, tsutsar ta riga ta shige ƙarƙashin furanni inda maganin ba ya isa sosai, kuma rabin ɓarnar an gama ta. Ga geron ya fi mutum tsawo, mai feshin yana ɗaga hannu sama maganin yana dawo masa a fuska. Kuɗi sun tafi, lafiya ta taɓu, sannan an kashe wani mataimaki da ba a san da shi ba.

Ɗan zanzaron Maradi

Mataimakin nan wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne dangin zanzaro, Habrobracon hebetor, tsawonsa bai wuce milimita uku ba, kuma ba ya harbin mutum. Macensa takan bi hanyar murzuna ta same ta a maɓoyarta, ta harbe ta ta sandare, sannan ta ajiye ƙwai a jikinta. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe su tsotse tsutsar, su saƙa 'yan ƙananan gidaje farare a gefenta, cikin kwana goma ko sha biyu su fito su ma su shiga farauta. Yana nan a gonakinmu tun asali. Matsalarsa ita ce rani yana rage yawansa ƙwarai, kafin ya sake yaɗuwa murzuna ta gama cin abin da za ta ci.

Dabarar da aka samo ita ce a kiwata shi a ɗaki a sake shi da wuri. An fara gwada haka a Sanagal a tsakiyar shekarun 1980, amma a Nijar abin ya kankama, musamman daga 2006 da aka fara wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin Nijar, Mali da Burkina Faso da tallafin gidauniyar McKnight. Cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, reshen Maradi, ita ce cibiyar aikin. Cikin waɗanda suka ja gaba akwai Ibrahim Baoua, wanda daga baya ya koma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, da Malick Ba, wanda daga baya ya yi aiki a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai.

Kayan aikin ba su da tsada. Ɗan ƙaramin buhun algarara ne, a zuba masa tsabar gero da garin gero, a saka tsutsa 25 na wani faɗa-wutan da ke cin hatsi a rumbu, sannan a saka mata biyu na ɗan zanzaron waɗanda suka riga suka haɗu da namiji, a ɗaure baki. Buhu 15 ake kai wa ƙauye guda, a rarraba su gabas da yamma, kudu da arewa da tsakiya, a rataye a reshen bishiya ko ƙarƙashin jinkar rumbu inda ruwa ba zai jiƙa su ba, daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai. Bayan kamar mako guda sababbin ƙwarin su fara fita ta ramukan saƙar buhun, gommai daga kowane buhu, su bazu cikin gonaki har nisan kilomita uku ko fiye. A ƙauyukan da aka yi haka an ga mafi yawan tsutsotsin sun mutu, kuma wani nazari da aka buga a 2014 ya nuna ƙarin amfanin gona na kusan kashi ɗaya cikin uku. Daga baya ƙungiyoyin manoma a Nijar sun koyi kiwon da kansu suna sayar da buhunan.

Wani abu game da wannan dabara ya dace da zaman ƙauye: ba ta mutum ɗaya ba ce. Ɗan zanzaro bai san iyakar gona ba. In mutum goma suka haɗa kuɗi suka sayi buhuna, gari duka ya amfana, har da wanda bai ba da ko sisi ba. Saboda haka magana ce ta mai unguwa da dagaci da ƙungiyar manoma, irin yadda ake haɗuwa a kori jan-baki ko a gyara hanyar rafi.

Abin da za a iya yi a gida

Daga Dutsin-Ma zuwa Maradi, ta Kurfi da Katsina da Jibiya, tafiyar ba ta kai yini ɗaya ba, harshe ɗaya, gero ɗaya. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, da tsangayar aikin gona a cikinta, jiha kuma tana da malaman gona na hukumar KTARDA. Kiwon ɗan zanzaron ba ya bukatar fiye da ɗaki mai iska, da robobi, da gero, da mutum mai haƙuri. Amma sakin buhu ba ya da amfani sai an san ranar da ƙwarin suka fito, kuma wannan sani daga gona yake farawa.

Ba sai an shiga daji da dare ba, balle a wannan zamani da rashin tsaro ya sa mutane da yawa ba sa nisa da gari bayan magariba. Gonar bayan gida ta isa. Daga mako na huɗu bayan ruwan shuka, a rataya farin ƙyalle a jikin danga, a haska shi da fitilar sola, a duba abin da ya sauka. In an ga mai jan fiffike da jerin ɗigo farare, ko mai fiffiken da haske ke ratsawa, to ƙwai suna kan hanya, kuma duk geron da ke fitar da kai a makon nan yana cikin haɗari. Ɗalibin sakandare a Birchi ko Rawayau ko Karofi zai iya rubuta ranar a littafi, ya rubuta ranar ruwan shuka a gefenta. In aka yi haka shekara uku ko huɗu a jere, garin ya mallaki jadawalin kansa, wanda zai gaya masa irin da zai shuka, da ranar da zai shuka shi, da ranar da zai nemi buhuna.

Sannan in hanya ta riga ta bayyana a jikin zangarniya, kafin a taɓa kwalbar magani a buɗa furannin da farce a duba ciki. In tsutsar tana motsi da ƙarfinta, a ƙirga zangarniya nawa cikin ashirin suka kamu, a kai wa malamin gona lissafin. In kuwa an same ta a sandare ta yi baƙi, da 'yan fararen gidaje a gefenta, to ɗan zanzaro ya riga ya iso gonar, kuma feshi a wannan lokaci shi zai kashe, ba ita ba. A mayar da kwalbar, a bar kuɗin don sayen taki.